Wai matasa ba su son aiki: to ina aikin yake?



Akwai wata magana da ta zama kamar waƙa a bakin manyanmu. A taro za ka ji ta, a rediyo za ka ji ta, har wurin suna da ɗaurin aure ba ta bar mu ba. Wai matasan yanzu malalata ne, ba su son wahala, daga fada sai shayi sai latsa waya, sun zauna suna jiran gwamnati ta kawo musu aiki har kan tabarma. In mai maganar ya gama zagin, sai ya gyara zaman hula ya ba da magani: kowa ya tashi ya ƙirƙiri aikin kansa. A tafa masa, a raba kuɗin zama, a watse.

Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai amfani ga masu yin ta. In aka yarda cewa laifin na yaro ne, to babu wanda za a tambaya ina ayyukan suka tafi, wa aka ba ƴan guraben da suka rage, kuma me aka yi da shekarun da aka kwashe ana alkawari. Bari mu bi ta daki-daki.

Mu fara da lissafi. In ka duba alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda Bankin Duniya ke bugawa, za ka tarar wai rashin aikin yi a Nijar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ma'ana mun fi Faransa, mun fi Jamus, mun fi Amurka. Kada ku yi dariya, haka aka rubuta. Sirrin yana cikin yadda ake ƙirga. A wannan ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin mako don samun wani abu, to mai aiki ne. Yaron da ya gama lisans a fannin lissafin kuɗi, ya ari babur ɗin yayansa ya yi kabu-kabu ranar kasuwa, mai aiki ne. Yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin jinya, tana taya uwarta tuyar ƙosai da safe, mai aiki ce. Manomin da ke noman wata huɗu ya zauna wata takwas yana jiran damina, shi ma mai aiki ne. A ƙasar da babu wani kuɗi da ake ba marar aiki a ƙarshen wata, wa ke da halin zama hannu rabbana? Wanda ya zauna, yunwa za ta tashe shi. Saboda haka kowa na fafutuka, kuma fafutukar ce ake rubutawa a takarda da sunan aiki.

To wannan lissafi da kansa ya ƙaryata masu cewa lalaci ne. Ba zai yiwu a ce kusan kowa na aiki, sannan a ce matasa ba su son aiki ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin da zai riƙe mutum: wanda za ka ci, ka biya haya, ka sayi magani, ka yi aure, ka san abin da za ka samu wata mai zuwa. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa ya daɗe a jika 30 da ƴan kai tun 2012, sai a farkon 2024 aka kai shi jika 42. Ku tambayi masu gadi, da ƴan aikin gidajen abinci, da malaman makarantu masu zaman kansu na cikin unguwanni, mutum nawa ne ke ganin ko wannan ɗin cikakke, a kan lokaci?

Yanzu mu bi yaron da ya ce shi zai nemi aiki ta hanyar da doka ta shimfiɗa, mu ga irin lalacin nasa.

Da farko sai ya haɗa dosiye. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kwafin difloma, kowace sai an kai ta an buga mata hatimi, kowace da kuɗin tambur. Sai kaziye daga kotu, wadda wata uku kawai take yi ta mutu, a sake wata. Sai takardar likita. Sai katin ANPE. Sai hotuna. Sai takardar neman aiki da hannu, ita ma da tambur. In ɗan Tasawa ne ko ɗan Matamai ko ɗan Bouza, ga kuɗin mota zuwa babban birnin jiha, wani lokaci har Yamai, ga kwana a gidan dangin da su ma da ƙyar suke. Duk wannan kuɗi daga ina? Daga akuyar uwa, daga buhun geron uba, daga ɗan abin da yaya ya aiko daga Libiya. Yaro ya ajiye dosiye, a ba shi ƴar takarda, a ce za a kira shi. Wata uku, kaziye ta mutu. Wata shida, wata sanarwa ta fito, a sake sabon lale. Akwai matasa a garin nan da suka haɗa dosiye fiye da yadda za su iya ƙirgawa, kuma ko kiran a ce musu ba su dace ba ba a taɓa yi ba.

Sai sarbis sibik, shekara biyu na yi wa ƙasa hidima a kan ɗan alawus da ba ya kai mutum tsakiyar wata. Samun gurbin sarbis ɗin ma ya zama abin nema da roƙo. An gama, a ce ka gode, ka koma gida. Wasu su ci gaba da zuwa ofis ɗin kyauta, shekara da shekaru, da sunan ƴan sa-kai, suna fatan wata rana a tuna da su. Ku shiga asibitocinmu ku ƙirga ma'aikatan jinya da ungozoma da ke kwana a kan marasa lafiya ba tare da albashi ba. Ku shiga azuzuwa ku ga malaman kwantaragi, waɗanda su ne suka daɗe suna riƙe da makarantun gwamnati, wasu sun yi shekara goma suna jiran lambar zama cikakken ma'aikaci. Waɗannan ne malalatan?

In ya juya wajen kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, sai ya tarar da wani bangon: ana neman mai ƙwarewar shekara uku, ko biyar. Ina zai samo ta in ba wanda ya yarda ya ɗauke shi ya fara? Sai a ce ya yi sitaj. Ya yi wata uku kyauta, a sabunta masa wata uku kyauta, da kuɗin motarsa da na abincinsa. Ranar da gurbi ya buɗe a wannan ofis ɗin, sai ya ga baƙuwar fuska a kan kujerar da ya share shekara yana ɗumamawa, kuma shi za a ce ya koya wa baƙon aiki. Shekaru na tafiya, furfura ta fara leƙowa, har ya wuce iyakar shekarun shiga aikin gwamnati. Daga nan an rufe littafinsa.

Ga ƴan mata kuwa akwai wani kuɗin shiga da ba a rubuta a sanarwa. Kowa ya san abin da wasu masu ofis ke nufi in suka ce wa yarinya ta dawo da yamma bayan an tashi, ko ta bar lambarta za a neme ta. In ta ƙi, dosiyenta ta ɓace. In ta faɗa a gida, a ce ta yi shiru kada sunanta ya ɓaci. Mai ofis na nan da rawaninsa, a sahun gaba ranar Juma'a.

Wannan ya kawo mu ga abin da kowa ya sani amma ba a so a faɗa da ƙarfi. A Nijar har suna muka raɗa masa, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Hausawa sun riga sun faɗa: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ana sanar da kwankur, dubbai su yi layi cikin rana, su biya kuɗin rajista, su kwana suna karatu, alhali wani kaso na sunayen an riga an rubuta shi a falon wani. Wanda ke ganin ƙage ne, ya tuna da kwankur ɗin ɗaukar ma'aikatan lafiya da sai da aka soke shi a 2016 saboda maguɗi. Wannan shi ne wanda ya fito fili. Mulki ya sauya hannu sau nawa a ƙasar nan, na farar hula da na soja, jam'iyya ta tafi wata ta zo, amma wannan tsari bai taɓa faɗuwa zaɓe ba, ba a kuma taɓa yi masa juyin mulki ba. Sunayen masu cin moriya kawai ke canzawa.

Illar wannan ta wuce gurbin da aka sace. Yaron da ya ga na bayansa a aji ya samu aiki don kawunsa darakta ne, ya koyi darasin da babu malamin da zai iya goge masa: karatu ba ya biya, sanayya ce ke biya. Ƙanensa da ke kallo ya ajiye littafi tun daga kwaleji. Uban da ke ƙauye ya ce wa zai sake sayar da sa don lakwal? Haka muke kashe makaranta da hannunmu, sannan mu kira taro mu tambayi dalilin da ya sa yara ke gudunta.

To, mu dawo kan maganin da ake ba mu, wai kowa ya ƙirƙiri aikin kansa. Ba mu ƙi sana'a ba. Maraɗi gari ne da kasuwanci ya gina, Damagaram ta san fatauci tun kafin zuwan Nasara, mutanen Adar kuwa sun kai kasuwa har Abijan. Ba wanda zai koya wa Bahaushe cewa sana'a sa'a ce. Tambayarmu ita ce: da me? Yaro ya je banki, a ce ya kawo takardar fili ko ta gida a matsayin jingina. Yaron da ke kwana a zauren ubansa, ina ya ga fili? Ya lallaɓa ya samu ɗan jari daga dangi ya buɗe shagon walda ko ɗinki ko sayar da ƙanƙara, sai wuta ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar zafi, lokacin da ya fi bukatarta. Kafin ya mayar da uwar kuɗi, masu haraji sun iso, na gari daban, na ƙasa daban. Ga kuma wa zai saya? Unguwa guda, shagon cajin waya goma, mai shayi goma, tela goma, duk suna farautar aljihun da ba komai a cikinsa. Tun daga takunkumin CEDEAO na Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, da rufe iyakar Benin da ta biyo baya, ƴan kasuwar da suka yi shekara talatin a harka ma sun ji a jikinsu, balle mai farawa.

Kuma ku lura da masu wannan wa'azi. Mafi yawansu albashi suke ci tun suna samari, a gidan gwamnati suka tsufa, ba su taɓa sayar da ko allura ba. Ku tambaye su ina ɗiyansu suke aiki. Ba za ku same su suna kiwon kaji a bayan gari ba. Suna duwan, suna banki, suna kamfanin mai, suna manyan ƙungiyoyin ƙasashen waje. Ƙirƙirar aikin kai magani ne da ake rubuta wa ɗiyan talakawa kaɗai. In da daɗi haka, me ya sa ba a fara da na gida ba?

Ayyukan nan kuma ba iska ce ta kwashe su ba, an san yadda aka yi. A shekarun 1980 da 1990, bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka sayar ko aka rufe kamfanonin gwamnati, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Dattawan Maraɗi za su ba ku labarin SICONIGER mai matsar man gyaɗa da SONITAN mai jimar fata. Na Damagaram za su tuna muku da SOTRAMIL mai sarrafa gero. A Yamai akwai masaƙar SONITEXTIL. Yau ina ma'aikatansu, ina waɗanda suka gaje su? A gefe guda kuma, a 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Abu ne mai kyau, ba mai ja. Amma an faɗaɗa ƙofar shiga, an bar ƙofar fita yadda take. Kowace shekara ana yaye dubbai zuwa kasuwar da ba a tanada musu komai ba. A ƙidayar 2012 mun haura miliyan 17, yau mun haura miliyan 25, kuma kusan rabinmu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Waɗannan yaran suna tafe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce ai ga mai, ga uraniyom. Matatar SORAZ ta fara aiki a 2011, ganga dubu 20 a rana. An ja bututu na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin. Amma rijiyar mai da ramin ma'adini inji suke ci, ba su ɗaukar mutane da yawa. Lokacin da COMINAK ta rufe a Maris 2021, bayan fiye da shekara arba'in tana haƙa a Akokan, ma'aikatanta kusan 600 ne, ban da na ƴan kwangila. Ku auna wannan da yawan matasan unguwa ɗaya a Damagaram. Amfanin kuɗin mai shi ne a zuba shi inda hannaye ke da yawa. Albasar Galmi ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, amma kaso mai yawa na ruɓewa don rashin wurin ajiya. Fatar jar akuyar Maraɗi tana fita ɗanya, wasu su jeme ta su ɗinka jaka da takalmi su ci ribar. Shanunmu da ƙafarsu suke ƙetare iyaka. Wake, riɗi, aya, duk a buhu suke fita yadda aka sheƙe su. Kowane buhu da ya fita haka, da aikin wani yaro ya fita. Dam ɗin Kandaji da aka ɗora harsashinsa tun 2008, wanda aka ce zai ba da wuta da noman rani, har yanzu jira ake.

Mai son ya ga ko matasan Nijar na gudun wahala, ya je tashar mota bayan girbi. Ya ga yadda ƙauyukan Tawa ke komawa na mata da tsofaffi. Ya bi su Agadas, ya ga masu hawa bayan Hilux zuwa Libiya, suna riƙe da sanda don kada su faɗo cikin Tenere. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, wa ya yi musu sanarwa a rediyo? Da kansu suka kwarara cikin hamada, inda ruwan sha ma saye ake. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, nan kusa da Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, galibi daga yankin Kance. Malalaci ba ya shiga rami mai zurfin gaba da yawa da igiya a ƙugu. Malalaci ba ya mutuwa da ƙishirwa a hanyar neman abinci. Duk wanda ya san waɗannan kaburbura, ya ji kunyar sake furta kalmar lalaci.

Gaskiya ne, akwai ɗan boko da ke ganin riƙe guduma ko fartanya ƙasƙanci ne, akwai kuma zaman fada da ya zama na ƙwaya da tsegumi. Amma wa ya koya masa raina sana'a? Makarantar da tun daga ajin farko take nuna masa cewa mai nasara shi ne mai biro da ofis, wanda ya faɗi jarrabawa kuma shi ake turawa koyon kanikanci. Iyayen da in masu neman aure biyu suka zo, sai su tambayi wanne ne ma'aikaci. Ita kuma fada, ga da yawa ita ce wurin da ya rage: a nan ake jin labarin sanarwa, a nan ake haɗa kuɗin tambur, a nan mai damuwa ke samun wanda zai saurare shi. Fada ba ta hana kowa aiki ba, rashin aiki ne ya cika fada. Kuma kowa ya san masu zuwa farauta a cikinta: ɗan siyasa mai neman ƴan jagaliya, dillalin ƙwaya, da masu bindiga a dazukan kan iyaka waɗanda ke da babur da kuɗi a hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba za a yi maganar tsaro da gaske ba a tsallake maganar aiki.

Abin da muke nema ba abin al'ajabi ba ne, kuma yawancinsa ba ya bukatar taimakon wata ƙasa.

A daina karɓar cikakkiyar dosiye tun a matakin farko. Kaziye da takardar likita da sauran masu cin kuɗi, a neme su daga wanda ya ci kwankur kaɗai.

Kowane kwankur, a lika makin kowa a fili, mutum ya samu damar ganin takardarsa in yana da ja. In an kama maguɗi, kada a tsaya ga sokewa: a faɗi sunan wanda ya saya da wanda ya sayar, su gurfana gaban alƙali, a kuma mayar wa talakawa kuɗin rajistarsu.

A lissafa shekarun sarbis sibik da na sa-kai da na sitaj a matsayin ƙwarewa, a kuma sa iyaka ga sitaj na kyauta. Wanda ya yi aiki a biya shi.

A buɗe hanyar da yarinya za ta kai ƙarar mai ofis ba tare da an tona mata asiri ba.

Sabuwar sana'ar matashi a ɗaga mata haraji na shekarun farko, a kafa asusun lamuni da zai tsaya masa a banki a madadin takardar fili, kuma jerin waɗanda suka amfana ya fito fili, kada shi ma ya koma hannun PAC.

Kayan da gwamnati ke saye, teburan makaranta, kakin ma'aikata, abincin kantin ɗin yara, a ba masu yin su a nan gida. Kuɗin mai kuma a gan shi a rumbunan albasa, da majemu, da mayanka, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ku kuma iyayenmu da manyanmu, yaron nan da kuke wucewa a bakin titi yana hura gawayi, wataƙila a aljihunsa akwai rasit ɗin dosiye ta goma sha. Da safe ya fita ne don kada ya haɗa ido da uwarsa, da dare yake shigowa don kada a ga yana cin tuwon ƙannensa. Bai rasa zagi ba, yana yi wa kansa wanda ya fi naku zafi. In kuna da gurbi, ku ba wanda ya cancanta ko da ba ku san ubansa ba. In ba ku da shi, ku bar shi da abin da ke damunsa.

Ƴan uwa matasa, ku riƙa ajiye rasit, ku rubuta ranar kowace sanarwa da ranar da sakamako ya fito, ku tambaya da baki ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya sake tsayawa gabanku ya ce ba ku son aiki, ku tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, ina aikin yake, kuma wa aka ba na bara?

Allah ya buɗa wa kowa ta hanyar halal, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.